Yadda Ake Tara Hotuna a Jera Su: Jagora Daga Lungunan Mandawari

Matasa masu ɗaukar hoto a Kano sun fara waiwayar cikin birni, kuma wannan abin farin ciki ne. Da hantsin Asabar za ka gan su a Sabon Titin Mandawari ko wajen Ƙofar Mata, wani da kyamara a wuya, wani da waya a hannu, suna ɗaukar ƙofofin gidaje, zankaye, huluna da rubuce-rubucen jikin adaidaita sahu. Matsalar ba ta bayyana sai ranar da suka kawo aikin a duba. Hotuna ɗaruruwa, kowanne da kyansa, amma da an ajiye su kusa da juna sai a ga babu abin da ya haɗa su. Wannan an ɗauke shi daga nesa, wancan daga kusa. Wannan da rana tsaka, wancan gab da magariba. A tambayi lungun da ƙofar take, an manta. Kurakuran ba su da yawa, su ne dai suke ta maimaituwa, shi ya sa na ga ya dace a rubuta hanyar daki-daki.

Aikin da muke magana a kai shi ne mai hoto ya zaɓi abu iri ɗaya, ya ɗauke shi sau da yawa ta hanya ɗaya tak, sannan ya rarraba hotunan gida-gida ya jera su yadda ido zai gwada wannan da wancan. Waɗanda suka fi shahara da shi su ne Bernd da Hilla Becher, miji da mata 'yan Jamus, da suka fara a 1959 suna ɗaukar tankunan ruwa, matoyan ƙarfe da gine-ginen ma'adinai. Baƙi da fari suke ɗauka, ranar da gajimare ya rufe rana, abin yana tsakiyar hoto, babu mutum a ciki, sannan su jera tara ko goma sha biyu ko sha biyar a bango ɗaya. A 1990 an ba su babbar lambar yabo a baje kolin Venice na Italiya.

A nan gida muna da J. D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya rayu daga 1930 zuwa 2014. Daga 1968 ya shiga ɗaukar kitson matan Najeriya, yawanci daga ƙeya, a gaban bango marar ado, har ya tara kusan 1,000, yana riƙe da sunayen kitson. A 2013 aka rataye su a Venice.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan tunani. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin amarya na da ya ga jere: langa da langa, tasa da tasa, manya a ƙasa, ƙanana a sama. Kwanukan nan da a buhu suke, kaya ne kawai. Jeren ne ya sa mai shigowa yake ganin yawansu, bambancinsu da ƙoƙarin uwar da ta tara. Haka hotunanka suke. Idan hanyar ɗauka ta zama ɗaya, duk bambancin da ido ya gani daga abin da aka ɗauka ya fito, ba daga hannun mai ɗauka ba. Wannan shi ne ginshiƙin aikin gaba ɗaya.

KAYAN AIKI

• Kyamara ko waya mai kyau. Sharaɗin shi ne ka yi aikin duka da guda ɗaya, domin kowace na'ura da irin launin da take fitarwa.
• Sandar ɗora kyamara mai ƙafa uku. Ita ce take tsayar da tsawo ɗaya a kowane hoto.
• Tef ɗin awo da alli, don auna nisa da yin alamar wurin tsayuwa.
• Littafin rubutu mai kauri da biro biyu.
• Batir na biyu, memori na biyu, da abin cajin tafi-da-gidanka.
• Tsumma mai laushi, ɗan famfon hura iska da jaka mai zif, saboda ƙura.
• Kwamfuta da ma'ajiya ta waje guda biyu.
• Kyalle marar ado, fari ko ruwan toka, idan ƙananan abubuwa za ka ɗauka.
• Ɗan unguwa da aka sani, wanda zai raka ka. Da ɗan gari akan ci gari.

MATAKI NA 1: ZAƁI ABU GUDA, KA YI MASA IYAKA

Kuskuren farko shi ne faɗin batu. «Al'adun Kano» ba batu ba ne, teku ne. «Gine-ginen gargajiya» ma ya yi faɗi. Amma «ƙofofin zaure da ke fuskantar lungu a Mandawari» batu ne, domin yana da farko yana da ƙarshe, kuma kowa zai gane abin da ya shiga da abin da bai shiga ba.

Gwada batunka da tambayoyi uku. Akwai shi da yawa, aƙalla talatin? Suna kama da juna har a gane dangi ɗaya ne? Sun bambanta har gwada su zai koyar da wani abu? Idan ɗaya ta faɗi, sake batu. Cikin birni cike yake da abubuwan da suka ci wannan jarrabawa: zankayen soraye, indararo, dakalin ƙofar gida, teburan masu shayi, allunan sanarwa na teloli da masu aski, zanen rini a Ƙofar Mata, aikin wuyan babbar riga, kayan dokin hawan Sallah.

Ka fifita abin da yake kan hanyar gushewa ko sauyawa. A 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka gina sabuwa. Ƙofar gari kenan, wadda kowa ya san sunanta. Ƙofar gidan talaka kuwa, damina ɗaya ko cinikin gida ɗaya ya isa ya tafi da ita ba tare da kowa ya rubuta ba.

Rubuta iyakar a shafin farko na littafinka, cikin jimla ɗaya. Ranar da ka ga kyakkyawar taga zuciya ta ce ka saka ta, jimlar nan ce za ta hana ka.

MATAKI NA 2: NEMI IZINI KAFIN KA FITO DA KYAMARA

Mandawari tsohuwar unguwa ce, tarihinta yana haɗe da malaman Wangarawa da suka zo Kano zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14. Mutanenta sun san juna, baƙon ido ba ya ɓuya. Ka fara da mai unguwa. Ka je hannu sake, ka gaida shi yadda ya kamata, ka faɗi ko kai ɗan wane ne, me kake so ka yi, ina hotunan za su je. Idan ya amince, ka roƙe shi ya haɗa ka da wanda zai raka ka.

Izinin mai unguwa bai ɗauke maka na mai gida ba. A kowace ƙofa ka yi sallama, ka jira. «Baba, hoton ƙofar kawai nake so, ba na cikin gida ba, kuma zan kawo muku naku.» Idan an ce a'a, ka yi godiya ka wuce, kada ka koma nesa ka ɗauka a sace. Hoto ɗaya na sata yana iya rufe maka lungu gaba ɗaya, har ya rufe wa wanda zai zo bayanka.

Zaure iyaka ne. Idan ƙyaure yana buɗe, ana hango cikin gida, ka roƙi a tura shi ko ka dawo wani lokaci. Kada ka ɗauki mata ko yara ba da yardar masu su ba. Ka nisanci gidan makoki, lokutan salla da ofisoshin jami'an tsaro. Gidan Rumfa da gidajen tarihi irin Gidan Makama suna da nasu ƙa'idojin, a wurin masu kula da su ake tambaya.

'Yan'uwa mata masu ɗaukar hoto suna da wata dama da maza ba su da ita. Jere, kitso, lalle da kayan kicin duk a bayan zaure suke, kuma mace ce kaɗai za ta iya tara su cikin mutunci. Sharaɗin yarda yana nan, har ma ya fi nauyi a can.

MATAKI NA 3: KAFA ƘA'IDAR ƊAUKA, KA RUBUTA TA

Kafin hoto na farko, yanke waɗannan: nisa tsakaninka da abin, tsawon kyamara daga ƙasa, a tsaye ko a kwance, mai launi ko baƙi da fari, da mutum a ciki ko babu, me zai shiga gefe da gefe.

Ga wata dabara da cikin birni ke tilasta wa mutum. Kada ka zaɓi nisa a bakin titi inda akwai fili. Ka nemo lungu mafi ƙunci cikin waɗanda za ka yi aiki a ciki, ka jingina da katangar da ke fuskantar ƙofar, ka auna. Idan mita uku ka samu, to mita uku ce nisan aikin duka, ko da a wani wurin kana da goma. Wanda ya fara da mita shida a bakin titi, da ya shiga lungu ƙa'idarsa ta karye.

Launi kuma shawara ce mai nauyi. Baƙi da fari yana fito da siffa: lanƙwasar baka, tsinin zanko, tudu da kwarin kitso. Amma idan shuɗi da koren fentin ƙyaure ko jan makuba suna cikin abin da kake son nunawa, cire launi asara ce. Zaɓi ɗaya ka zauna a kai.

Yi gwaji da ƙofa biyar, ka duba su a kwamfuta, ka gyara ƙa'idar idan akwai buƙata. Daga nan ta kulle. Gyara a tsakiyar aiki yana nufin komawa ka sake duk na baya.

MATAKI NA 4: ZAƁI HASKE DA LOKACI

Ranar Kano tana da ƙarfi. Da tsakar rana a bazara, indararo yana jefa baƙar inuwa a kan bango, cikin zaure ya zama rami, farin siminti ya ƙone. Inuwar nan tana da kyau a hoto ɗaya, amma a jere tana yaudarar ido, domin mai kallo zai riƙa gwada inuwa da inuwa maimakon ƙofa da ƙofa.

Abin da su Becher suke jira a Jamus, wato rana a lulluɓe, mu hazo ne yake ba mu shi. Daga Disamba zuwa Fabrairu sama takan yi fari, haske ya bazu ko'ina daidai. Wannan ne lokacin aikin gine-gine. Sai dai ƙurar da ta gyara maka haske ita ce maƙiyiyar kyamara. Kada ka kwance idon kyamara a waje. Ka hura ƙurar kafin ka goge, domin goge ta kai tsaye yana karce gilashi.

Ranakun hadari na Yuli da Agusta ma suna ba da haske mai laushi, amma jiƙaƙƙen bango yana yin duhu, ba zai zauna lafiya kusa da wanda aka ɗauka da rani ba. Kuma ka kiyayi tsayuwa a gindin tsohuwar katangar ƙasa bayan ruwa mai yawa.

Idan babu hazo babu hadari, ka bi inuwa. Ƙofar da ke kallon yamma, da safe take cikin inuwa. Mai kallon gabas kuma sai bayan azahar. Zagaya ba kyamara rana ɗaya, ka rubuta inda kowace ƙofa ta fuskanta, ka raba aikinka biyu.

MATAKI NA 5: TSAYA DAIDAI, KA ƊAUKA

Tsaya a tsakiyar abin, ba gefe ba. Auna nisan, ka yi alama da alli, ka kafa sandar. Kunna layukan daidaito da ke fuskar kyamara ko waya, ka daidaita su da gefen ƙofar.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne ɗaga bakin kyamara sama don zanko ya shiga. Da ka ɗaga, bangon zai yi kamar yana faɗuwa baya, ƙasa ta faɗaɗa, sama ta tsuke. Kyamara ta kalli bango kai tsaye. Idan saman bai shiga ba, ƙa'idar ce take buƙatar gyara tun a gwaji, ba wuyan kyamara ba.

Mai amfani da waya ya sani cewa babban idonta mai faɗi ne, yana lanƙwasa abin da ke gefe. Idan wayar tana da ido na biyu mai jawo abu, kuma akwai filin ja da baya, shi ya fi. Kada ka jawo da yatsa fiye da ƙarfin idon, hoto ne kake yagewa. Kashe duk wata filta da abin da ke ƙara wa hoto kwalliya da kansa.

Kada ka taɓa komai. Ɗauki ƙofa ɗaya ka dube ta da kyau. Ƙyauren ƙarfe ne mai shuɗin fenti, ƙasansa ya ci tsatsa daidai inda ruwan damina ke bugu. A jikinsa akwai rubutun alli na masu rigakafin shan inna, sabo a kan tsoho. Daga sama mitar wuta, wayoyi sun sauko ta kan wani zanen dagi da siminti ya kusa shafewa. A gefe «Ba Shiga» da jan fenti, da ragowar fastar ɗan takara da rana ta koɗar. Dakalin ya yi sulɓi a wuri ɗaya, inda mai gidan ke zama. Sabon shiga zai so ya cire buta, ya kauce wa mitar, ya goge allin a kwamfuta don hoton ya yi «gargajiya». Waɗannan abubuwa su ne shekarun ƙofar. Wanda zai kalli hoton nan gaba, da su zai gane zamanin.

MATAKI NA 6: RUBUTA BAYANI KAFIN KA ƊAGA ƘAFA

Kowane hoto da lambarsa, kowace lamba da layinta a littafi: rana, lokaci, lungu, inda abin ya fuskanta, kayan da aka yi shi da su, da abin da masu shi suka faɗa. Wa ya gina? Yaushe aka sauya ƙyauren? Da wane suna suke kiran wannan zane? Ka rubuta yadda aka faɗa, ka kuma nuna cewa faɗa aka yi, ba kai ka tabbatar ba.

Kada ka ce sai ka koma gida. Bayan ƙofa goma, duk sun cakuɗe a ka.

Malick Sidibé na Bamako misali ne mai kyau. Idan ya dawo daga ɗaukar hotunan bikin matasa, sai ya wanke ƙanana, ya manna su a jikin kwali, ya ba kowanne lamba, ya rubuta sunan taron da ranarsa don masu so su zo su zaɓa. Don ciniki ya yi, amma wannan tsari ne ya sa yau ake iya karanta rayuwar matasan Bamako ta shekarun 1960 dare bayan dare. Haka nan Zbigniew Dmochowski, masanin gini ɗan Folan da ya auna ya kuma ɗauki gine-ginen Najeriya: littattafansa uku da suka fito a 1990 suna da amfani har yau saboda hoto yana tafiya da awo da sunan wuri.

MATAKI NA 7: SA SUNA, KA ADANA

A ranar da ka ɗauka, a ranar ka kwashe. Sa wa kowane fayil suna ta hanya ɗaya: shekara, wata, rana, unguwa, abu, lamba. Misali: 2025-01-18_mandawari_kofa_014. Farawa da shekara yana sa kwamfuta ta jera su da kanta. A sunan fayil ka bar haruffa masu ƙugiya, domin wasu na'urori suna rikita su. A cikin bayani kuwa ka rubuta Hausarka daidai.

Kada ka yi gyara a kan asalin hoto. Ajiye na asali a folda ɗaya da ba a taɓawa, ka yi aiki a kan kwafi. Kwafi uku ake so: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a ma'ajiya ta waje, ɗaya a wani gida ko a intanet. Zafi, ƙura, wutar da ke dawowa da ƙarfi da ƙwacen waya duk sun ci aikin mutane.

WhatsApp ba ma'ajiya ba ce. Hoton da aka tura a matsayin hoto yana raguwa, bayanan cikinsa su goge. Idan dole ne, tura shi a matsayin fayil.

MATAKI NA 8: RARRABA

Nan ne aikin yake zama fasaha, kuma nan ne aka fi gaggawa. Kada ka rarraba a fuskar waya. Wanke hotunan ƙanana, ka rubuta lambar kowanne a baya, ka shimfiɗa tabarma ka baje su duka. Ido yana buƙatar ganin arba'in a lokaci ɗaya.

Raba su ta hanya fiye da ɗaya. Da farko ta ƙyaure: katako, ƙarfen walda, faffaɗan gwangwani. Ka tattara ka sake rabawa ta bango: ƙasa da makuba, ƙasar da aka yi wa rigar siminti, bulo, tayil. Ka sake ta siffar saman ƙofa: mai baka, miƙaƙƙe a kan azara, mai rumfar kwano. Kowace rabawa da labarinta. Ta bango tana nuna yadda kuɗi da zamani suka shigo unguwa. Ta dakali tana nuna gidajen da har yanzu ake zaman ƙofar gida da waɗanda suka rufe. Ka zaɓi wadda ta nuna maka abin da ba ka sani ba kafin ka fara.

Sannan ka kai hotunan wurin masu abin. Tsohon magini zai kalli bango biyu da kai ka haɗa, ya ce ba hannu ɗaya ba ne, ba zamani ɗaya ba ne. Mai sayar da hula a Kasuwar Kurmi ba zai raba huluna ta launi ba. Zai ce wannan kube, wannan zanna bukar, wannan damanga, wannan dara, ya kuma nuna maka aikin hannu da na inji. Mai ɗinkin babbar riga ya san aska biyu da aska takwas. Matambayi ba ya ɓata. Rabe-raben masu sana'a sun girmi naka, kuma idan nasu da naka suka saɓa, wannan saɓani ma ilimi ne, ka rubuta shi.

Kullum za a sami 'yan kaɗan da suka ƙi shiga kowane gida: ƙofar da rabinta ƙasa rabinta tayil, hular da ta haɗa salo biyu. Kada ka tura su da ƙarfi, kada ka zubar. Sau da yawa su ne suke nuna inda al'ada ta dosa.

Gargaɗi mai nauyi idan mutane kake ɗauka. August Sander na Jamus ya rarraba mutanen ƙasarsa ta sana'a da matsayi, ya fitar da hotuna 60 a littafi a 1929. A 1936 gwamnatin Nazi ta ƙwace littafin ta lalata farantan buga shi. Rarraba mutane ba ya rabuwa da siyasa. Mu ma mun ga katunan hoto na zamanin mulkin mallaka, inda ake tsayar da mutum a rubuta ƙabilarsa a ƙasa, babu sunansa, kamar samfurin kaya. Kada ka maimaita wannan da almajirai, mabarata ko 'yan talla. Rarraba sana'a, kayan aiki ko sutura. Mutum kuwa, ka tambaye shi yadda yake so a gabatar da shi.

MATAKI NA 9: TACE, KA JERA

Ba duk abin da ka tara ne zai hau bango ba. Cire duk wanda ya karya ƙa'ida, komai kyansa. Cire tagwaye, wato biyun da ba su ƙara wa juna komai ba. Waɗanda aka cire suna nan a ma'ajiya da lambobinsu.

Jera su sahu-sahu: uku sau uku, ko uku sau huɗu. Girma ɗaya, tazara ɗaya, layin ƙasa ɗaya, ta yadda dokin ƙofar kowane hoto zai zo daidai da na maƙwabcinsa. Gyaran haske da launi a kwamfuta ma ya zama ɗaya ga duka.

Matsayin kowane hoto yana da ma'ana. Sa mafi sauƙi a farko don ido ya koyi siffar, sannan bambanci ya riƙa ƙaruwa. Kada ka haɗa masu duhu a kusurwa ɗaya, jeren zai karkata. Ka bar shi a shimfiɗe kwana biyu, kana wucewa kana kallo. Ed Ruscha na Amurka ya jera gidajen mai 26 a ƙaramin littafi a 1963, kowanne da sunansa da garinsa kawai. Bayanin ƙasan hoto ya zama haka: gajere, tsari ɗaya, ba tare da yabo ba.

MATAKI NA 10: NUNA, KA MAYAR WA UNGUWA

Cika alkawarin da ka ɗauka a ƙofa. Wanke hoto, ka kai wa kowane gida nasa da hannunka. Kafin ka sa aikin a Instagram ko Facebook, cire bayanin wuri da waya ke maƙalawa, kuma kada ka buga sunan mai gida ko kwatancen gidansa. Sunan unguwa ya isa, sauran ya zauna a littafinka.

Nunin farko ya kasance a inda aka ɗauka: zauren mai unguwa, harabar makaranta, ko bangon da aka ba ka aro. Mutanen wurin ne za su gyara maka kuskuren suna, su gaya maka wanda ya gina, su nuna maka ƙofar da ka tsallake. Bayan nan ka nemi gidan tarihi ko ɗakin karatu na jami'a da zai karɓi kwafi tare da bayanan, domin aikin ya fi ƙarfin waya ɗaya da rayuwar mutum ɗaya.

Kada ka jira babbar kyamara ko tallafin wata ƙungiya. Zaɓi lungu ɗaya da ƙofa goma sha biyu, ka bi matakan nan daga farko har ƙarshe, har zuwa kai wa masu gida hotunansu. Idan shekara ta zagayo, ka koma da tef ɗinka da littafinka, ka tsaya a nisan da ka tsaya, a tsawon da ka ɗauka, a irin hasken da ka zaɓa. Jere na biyu a gefen na farko zai nuna wace ƙofa aka sauya, wace aka yi wa fenti, wace babu ita. Daga nan ka faɗaɗa zuwa lungu na gaba, ka kuma koya wa wani yaron unguwar ƙa'idar, don aikin ya sami mai ci gaba da shi.